Faɗuwar Gaban Binta

Binta,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba, amma wajibi ne in sanar da ke babban labari: an gyara 'yar ƙofar nan ta tsakaninmu da gidan Hajiya Rabi. Kafinta ya ɗaga ta, ta daina cijewa. Shekaru kina yi min mita a kanta. Yanzu tana buɗewa salin-alin, sai dai babu mai miƙa gishiri ta cikinta. In iska ta motsa ta, har yau ina ɗaga kai.

Kin tuna yadda kike cewa gabanki yana faɗuwa? Ni kuma sarkin karatu na fassara miki: tsoro ne. Tsoron hanyar Kurfi, tsoron gudun 'yan acaɓar Dutsin-Ma, tsoron jarrabawar yara. Har sarauta na naɗa miki, magajiyar matsorata. Ai a Hausa faɗuwar gaba fargaba ce. Ban taɓa zaton abin da kika faɗa kike nufi ba.

Ranar da ɓarin jikinki ya shanye, likita ya yi min bayani, ban ji komai ba. Sai bayan rasuwarki na koma littafi. Ashe tsokar zuciya ƙananan gidaje ne a jere kamar unguwarmu. Kowane gida yana da ƙofofin da sinadaran gishiri ke shiga su fita, daga nan lantarkin bugun ke tashi. Tsakanin gida da gida kuma akwai 'yan ƙofofi irin tamu da Hajiya Rabi, ta nan saƙo ke wucewa, kowa ya motsa lokaci ɗaya. In ƙofofin suka cije, saƙo ya yi ta kewaye, ɗakunan sama na zuciya su bar bugu su koma karkarwa. Jini ya kwanta, ya yi guda, gudan ya hau kai.

Abin da kike ji ke nan in kika ajiye rariya kika dafe ƙirji? Ni kuwa ina kan tabarma ina dariya?

Jiya Hadizarmu ta zo daga gidan mijinta a Kurfi. Tana cikin hira sai ta dafe ƙirji, da hannun hagu, irin naki, ta ce gabanta yana faɗuwa. Tsohuwar zolayar ta zo min har baki, na haɗiye ta. Na kama wuyan hannunta. Bugun ba shi da tsari, kamar yayyafi a kan kwano. Na karanta cewa wani lokaci abin yakan bi jini.

Gobe zan kai ta asibiti a Katsina. Tana ta ƙi, wai ba komai ba ne, tsoro ne kawai. A bakin wa ta koyi wannan?

Ba tsoro ba ne, Binta. Ni ne ban ji Hausa ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki.

Mijinki mai fassara,
Sani