Ƙanena ya zama babban lauya da sunana, yanzu yana so in bar masa shi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye ni, ko lambata kada ta fito. Don Allah ku ba ni shawara, kuma masu saurin cewa a yi haƙuri su karanta har ƙarshe tukuna, don haƙurin nan kusan shekara arba'in ke nan ina yin sa.

Ni mutumin Bunguɗu ne, wajen Kwatarkwashi, ina noma ina kuma saye da sayar da hatsi. Karatuna iyakarsa firamare, in kun ga kuskure ku wuce. A ce sunana Lawali, ba shi ne na gaskiya ba, amma ni ne ɗan fari a gidanmu. Kun san uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, to Innarmu Bawa take ce mini, gari duk ya ɗauka, Lawali sai a rajistar makaranta.

Shekarar da na gama aji shida na ci jarrabawa, takarda ta zo an ba ni sakandare a Gusau. A daminar nan kurkunu ya kwantar da Baba, babu mai riƙe shanun huɗa sai ni. Hedimasta ya zo har gida ya ce kada gurbin ya tafi a banza, a tura ƙanena Sani da ke aji biyar, lokacin babu hoto jikin takarda. Baba yana kwance ya dube ni ya ce, "Ai ba mai kiran ka da sunan ga, ara mashi." Aro aka ce. Sani ya ɗauki akwatin da aka saya mini da satifiket ɗina ya shiga mota, ni na koma bayan shanu.

Daga nan bai tsaya ba. Jami'a, makarantar lauyoyi, ya shiga aikin gwamnati yana gabatar da ƙara a kotu, ya hau ya hau har ya zama darakta, duk wannan da sunana ya yi shi. Na sha jin sa a rediyo yana cewa duk mai takardar jabu hukuma ba za ta raga masa ba, sai in kashe rediyon in fita. Ran da na fara zuwa gidansa a Gusau mai gadi ya tambayi sunana, na faɗa, ya yi dariya ya ce Malam wannan ai sunan oga ne, faɗi naka. A gaban baƙinsa kuwa ni "ɗan'uwanmu na ƙauye" ne, bai taɓa cewa yayana ba. Ba zan yi masa ƙarya ba, shi ya kai Inna aka yi mata aikin ido, kuma buhun shinkafa ba ya yankewa da azumi. Amma direba yake turowa.

To wata biyu da suka wuce aka fara raɗe-raɗin za a ba shi babbar kujera ta harkar shari'a, irin wadda sai an tantance takardun mutum tun daga firamare. Kwatsam sai ga jip a ƙofar gidana, shi da kansa. Ya cire takalmi ya zauna kan buzuna, yana "Yaya, Yaya", kalmar da rabona da jin ta a bakinsa tun muna cin tuwo kwano ɗaya. Ya ce ya samo mini kujerar Makka bana. Na yi godiya, amma na tsare shi da ido, don na san mutumin da ya shekara tara bai taka gidan nan ba, ba ladar zumunci ta kawo shi ba. Can sai ya fito da fom. Wai fasfo za a yi mini, amma tunda kowa Bawa ya san ni da shi, gara mu je kotu in yi rantsuwa cewa Bawa ne sunana na yanka, a gyara katin ɗan ƙasa, komai ya tafi daidai. Na ce to Lawalin fa? Ya ce Yaya takarda ce kawai, ba ta rage ka da komai. Na ce in ba ta rage komai, mi ya sa ka tako tun daga Gusau saboda ita? Sai ya kama duba waya.

Abin da ke damuna ke nan. 'Ya'yana shida, duk takardunsu na makaranta Lawali ne uban. Fadamar da na gada, takardar mai gari da sunan Lawali take. In na rantse ni ba Lawali ba ne, to wane ne Lawali a idon hukuma? Shi. Kuma rantsuwar ƙarya ni zan yi ta, ba shi ba, hannuna ne a takardar. Shi ya san doka ciki da waje, ni Turancin fom ɗin ma rabi nake ganewa. In ta ɓaci gobe, wa za a kama?

Ba a yi sati ba sai ga wani mutum a kasuwar Tsafe, fes da shi, ya tsaya gaban buhunana yana taya masara, kana gani ka san bai taɓa auna tiya ba. Ya ce, "Malam Lawali, ko in ce Bawa?" Na ajiye tiyar na dube shi. Ya ce su masu son gaskiya ne, in na yarda na yi magana a ɗauka a waya, za su tsaya mini a ƙwato mini haƙƙina. Ya rubuta lambarsa a 'yar takarda, tana nan cikin hulata. Shi ma ban yarda da shi ba. Shekara arba'in masu son gaskiya suna ina? Kujerar suke nema wa nasu, in sun gama da ni su jefar, ni ne zan zauna a gari a matsayin wanda ya tona wa ɗan uwarsa asiri. Kuma wa ya gaya masa? Waɗanda suka san zancen nan, in ka cire Inna, Baba ne da hedimasta, kuma sun rasu. Har na fara zargin Sanin ne ya turo shi ya gwada ni.

Jiya na je wurin Inna na zayyana mata komai. Ta ajiye carbinta. Sannan ta ce kada in kuskura in kunyata ƙanena a duniya, ba ta yafe ba. Na ce to in je in rantse ke nan? Ta ce, "Shi wancan ko gobe ya shigo Sani zan ce mashi. Mutum ɗaya na haifa wanda ban iya faɗin sunanshi."

Ran Litinin zai turo mota a kai ni kotu. Jama'a, in shiga motar in je Makka da sunan da ba nawa ba, ko in kira lambar da ke cikin hulata, ko in ce masa aron ya isa haka, ya san yadda zai yi da masu tantancewa? Lauyoyin da ke cikin zauren nan, ku nake so ku fara magana, amma ku faɗa mini da Hausa.