Sakatar Ƙofa

Zuwa ga Innata, Magamar Jibiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da fatan ƙafar nan ta yi sauƙi. Ki gaishe min da Yaya Mahmudu, na san shi zai karanta miki.

Kin ce in ba ki labarin inda aikin maigidana Uwaisu na likitan dabbobi ya jefo mu. Inna, tsibiri ne, ruwa gaba ruwa baya. Ƙaramar hukumar ba ta kai rabin tamu ba, gundumominta sha huɗu, duk a jere bakin teku, ga wani dutse mai duhun itatuwa a bayansu. Babu gero, babu dawa, sai kwakwa da shinkafa da kifi. Jirgin ruwa sau biyu yake zuwa a mako. A gida in abu ya ɓaci mutum ya tsallaka Ɗan Isa ko Maraɗi da ƙafarsa, nan kuwa babu iyakar da za a tsallaka. Wannan ne ke hana ni sukuni.

Mutanen suna da kirki. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce mai fasa kwakwa, Lola Pasing. Ba ma jin yaren juna, amma ta mayar da ɗiyata Muhsina jikarta.

Wata al'adarsu ce ban gane ba. Duk wata sai a busa jiniya, kowa ya bar gidansa a buɗe ya hau dutse da gudu, wai gwajin gudu ne saboda ambaliyar teku. Uwaisu ya yi ta fama da ni, na ƙi. Ni da na tashi na ga daga daji masifa ke fitowa, in kwashi ɗiyata in shiga daji? Ina jin jiniyar nake danna sakata, mu shige ƙarƙashin gado, kamar yadda kika koya mana.

Ɗiyarki,
Luba

Zuwa ga Innata.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma muna raye, kuma da wannan nake so ki fara kafin ki ji sauran.

Ranar Talata da hantsi Uwaisu yana can wata gunduma wajen rigakafin awaki, sai ƙasa ta girgiza har tukunya ta faɗo daga murhu. Jiniya ta ɗauka. Na suri Muhsina, na danna sakata, muka shige ƙarƙashin gado, na toshe mata baki. Ina jin gudun mutane, sannan garin ya yi tsit.

Sai aka fara dukan ƙofa. Na ji muryar Lola Pasing tana kiran sunan Muhsina, amma na tuna ranar da 'yan bindiga suka shiga Gangara, yadda suka sa maƙwabci a gaba ya yi sallama don a buɗe. Kin ce ko muryarki muka ji kada mu buɗe. Ban buɗe ba.

Inna, bangon gidajen nan na gora ne. Ina kwance sai na ga bakin adda ya ɓullo ta bango, sara ɗaya, sara biyu. Wallahi na yi kalmar shahada. Tsohuwar ta shigo ta ɓarakar, ta ja hannuna, na ƙanƙame ƙafar gado. Da ta ga ba zan motsa ba sai ta fizge Muhsina. Na cije ta a hannu har na ji gishirin jini, ba ta saki ba. Ta fice da ita a guje.

Na bi ta babu ɗankwali babu takalmi, ina ihun ɓarauniya da Hausa, a garin da babu mai jin Hausa. Ashe abin da take so ke nan. Sai da muka kai tsakiyar dutse ta dire yarinyar, ta kama kaina ta juya shi baya. Na ga teku ya taso baƙi ƙirin ya shiga gari. Gidanmu ya tashi ɗungurungum, ƙofarsa a rufe gam, ya tafi.

Uwaisu ya iske mu da la'asar. Shi ya ɗinke hannun tsohuwar, ɗinki biyar. Na durƙusa ina ba ta haƙuri, ita kuwa dariya take yi, tana nuna wa mata shatin haƙorana.

Har yanzu ko murfin tukunya ya faɗi sai in zabura. An ba mu ɗaki a makarantar da ke kan dutse. Jiya Muhsina ta tambaye ni, in an buga ƙofa a buɗe ko kada a buɗe.

Inna, ke dai ki ci gaba da danna taki sakatar, don Allah, ko muryata kika ji. Tawa ta ɗakin nan na sa Uwaisu ya cire ta.

Ki sa mu a addu'a.

Ɗiyarki,
Luba