Gayyar Baba Ta Hwaɗo Ran Asabar

Litinin, 30 ga Satumba 2024

Ni Gambo, wanda duk 'yan kabu-kabun Sabon Gari ba mai kai ni baki, yau bakina ya mutu. Na je ƙauye bayan Jiratawa duba ƙahwar Baba. Gero ya nuna, tsuntsaye na ci, Baba bai iya tsayuwa. An sa gayyar girbi ran Asabar. Maƙwabta sun ce ban da Juma'a. Yaya Sha'ibu zai kawo 'yan majami'arsu daga Tibiri, su ko ban da Lahadi, sauran ranakun kowa na wurin aiki. Ni ba wanda ya tambaye ni. Shekara huɗu ina Adbantis, sun san daga hwaɗuwar rana ran Juma'a har hwaɗuwarta ran Asabar ko moto ba na tadawa don aiki.

Talata, 1 ga Oktoba

Na kada Yaya a gardama, kamar kullum. Na ce buɗe Littafi ka nuna mini aya guda inda anka mai da Asabar Lahadi. Ya ce ran Lahadi Almasihu ya tashi. Na ce to doka ta huɗu, ta kiyaye Asabar, ita ma tashi ta yi ta tahi yawo? Har Inna Tasalla ta yi dariya cikin madafa.

Baba bai yi ba. Shi har yau addinin gargajiya yake bi. Ya ce, “Ku biyu Yesunku guda, kun kasa shirya rana guda. Wanda bai zo ba ran Asabar, kar ya ƙara sa hannu cikin rumbuna.”

Laraba, 2 ga Oktoba

Wasa yake. Ina jin wasa yake.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na je unguwar Zariya gidan Dattijo Hamidu na majami'armu. Na ce ai taimako ne, Yesu ma ya warkar ran Asabar. Ya ce in ciwon Baba ne ya tashi, ka ɗauke shi a moto ko ana cikin sujada. Amma girbi aiki ne. Ya ce ba mu ƙi 'yan Lahadi ba, 'yan'uwa ne, mu yi rijiya tare, mu yi jinya tare. Sai dai duk sanda anka ce a haɗu a zama ɗaya, mu ne ake so mu aje ranarmu. Gaskiya ya hwaɗi.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ban je ba. Ni da muryata ke kaiwa bakin titi in muna waƙa a majami'a, yau Rahma, wata 'yar'uwa da ke bayana, ta taɓo ni ta ce ko mura nake.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Da sassahe na tahi gonar. An girbe duka, sai kunya goma sha biyu ta gabas an bar su tsaye. Inna ta ce Baba ne ya hana a taɓa, wai rabon Gambo ne, tsuntsu ya cinye kowa ya gani.

Na kama yanka ni kaɗai. Na ce kahin azahar na gama, ƙarya nake. Wajen ƙarhe tara sai ga Yaya da rigar zuwa majami'a, ya tuɓe ta ya rataya a ice.

Na ce, Yaya yau hwa Lahadi.

Ya ce, “Na sani, sarkin ayoyi. Matsa, hannunka kamar na mai koyo.”

Shi ke karatun Littafi a gabansu yau, bai je ba. Na so in yi mishi ba'a, ba ta zo ba. Munka ɗaure dami tara.

Da la'asar munka kai gida. Baba na kan tabarma, bai amsa gaisuwata ba. Can ya ce, “Sha'ibu bayanka ya tsuhwa. Gambo, hau rumbun ka jera.” Na hau. Na daɗe a ciki, ƙaiƙayi ya shigar mini ido.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na tambayi Dattijo, abin da Yaya ya yi mini me sunanshi? Ya ce ƙauna ce, kuma Asabar na nan inda take. Na yarda da duka biyun. Amma shi ya bar tashi don ni, ni ban bar tawa ba, kuma in an sake ba zan bari ba. Wannan ne ke cina.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Moton Yaya ya lalace, na ɗauki Yayan na kai shi majami'arsu a Tibiri. Ban shiga ba, kar wani ya ce na shiga. Na tsaya ƙarƙashin icen dogon yaro don inji ya huce. Waƙar da sunka fara irin tamu ce, sai dai suna janta kamar masu jin yunwa. Wani ya kamata ya ɗaga musu ita. Kaɗan na ɗaga, daga waje.