Gicciye na Huɗu a Kwanar Lemo

Santa Rufina, Laraba.
Aikin farko na yau: kai wa Baba Macario kafinta farin fenti da ƙusa. Na kai.

Zuwa ga Yayata Florinda,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki da lafiyar jiki, ke da maigidanki Anselmo da 'yarki Yesenia, ya kuma sanyaya miki zuciya a kan rashin ɗanki Nery. Mu nan da sauƙi. Mama ta fara cin abinci, ko da yake ba ta wuce wainar masara biyu da ɗan baƙin wake, kuma matata Ofelia ta koma ɗakin Mama da zama don kada a bar ta ita kaɗai. Masarar gonar tudu ta isa karya, amma har yau ba wanda ya taka can.

Zan ba Baba Chepe mai kai saƙo wannan takarda, Asabar zai taso zuwa wajenku. Na rubuta ne domin a waya bakina ba ya aiki. Ranar Lahadi kin tambaye ni ko za a kafa wa Nery gicciyensa a inda ya cika, na ce miki layi ba kyau. Layi lafiyarsa ƙalau, Yaya. Ni ne na kauce wa tambayar a ranar.

Ga yadda abin ya kasance, bi da bi. Kin san mutum goma sha bakwai ya ɗauko a a-kori-kurarsa ranar kasuwa, kuma huɗu ne suka rasu da motar ta zarce a Kwanar Lemo: shi, da Baba Lázaro mijin Inna Tomasa, da 'ya'yan Bartolo Ixcoy mata biyu. Washegarin jana'iza gari ya fito ya tare hanya da duwatsu da kututture, kwana biyu ba motar da ta wuce. Magajin gari ya zo ya yi alkawarin allon gargaɗi da shingen ƙarfe, wata mata ta ce masa ya ajiye alkawarin kusa da na bara don su yi hira. Da mutane suka gaji da jira, sai aka kwaɓa siminti aka yi tudun rage gudu har uku kafin kwanar. Sun yi tsayi fiye da kima. Direbobin bas suna ta zagi, ɗaya ya leƙo ya ce mana ko jaki sai ya sa giya ta ɗaya kafin ya haye. Aka ce masa to ya sa, ai ɗan'uwansa ne.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne maganar da aka riƙa yi a kan Nery, a gidan rediyo da cikin waya. Wani ya ce ya sha, wani ya ce tsere yake da bas, wani ya ce waya yake dannawa. Yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarsa ba. In an turo miki hoton motar, don Allah kada ki buɗe. Baba Macario ya sassaƙa gicciye huɗu don ranar addu'ar kwana tara, sai Bartolo ya aiko masa cewa uku za a kafa, in ya ga na direba kusa da na 'ya'yansa da hannunsa zai tumɓuke shi. Ban ga laifinsa ba, mutumin da ya binne biyu rana ɗaya. Amma kin san abin da muka taso muna ji, wanda ya mutu a hanya ba a sa masa alama ba, tsaye zai yi ta yi a bakin titi bai san ta gida ba. Fada na cocinmu ya ce Allah ba ya buƙatar katako kafin ya gane nasa. Wataƙila haka ne. Sai dai Mama ba ta yarda ba, kuma na san ke ma.

Jiya da yamma aka yi taro a filin makaranta. Na tafi da littattafan nan nawa da nake rubuta abubuwan kullum a ciki, waɗanda kike yi min dariya a kansu, na shekara ashirin da biyu. Sau uku na miƙe ina komawa in zauna, har Ofelia ta mintsine ni. Na karanta musu abin da na tarar: kafin Nery, mota goma sha ɗaya ta faɗa a kwanar nan, rai goma sha tara. Na kira sunayen da ranakun ɗaya bayan ɗaya. Kusan kowane benci akwai wanda ya sunkuyar da kai da aka zo kan nasa, har Bartolo, domin ƙanensa ne ya tuƙa ta shida.

Daga nan na buɗe shafin da nake so ki ji daga wurina kafin ki ji a bakin wani. Alhamis kafin hatsarin na rubuta: “Na hau motar Nery. Birki yana ƙara a gangara. In gaya masa.” Juma'a kuma na rubuta: “Ban gaya masa ba. Ni ba makaniki ba ne, ƙila kunnena ne.” Na karanta musu duka biyun, na ce in laifi ake rabawa a ba ni kasona, a bar yaron da gicciyensa. Makanikin da ya duba motar ya ce ta lalace da yawa, ba zai iya cewa birki ne ko ba birki ba. Ban sani ba, Yaya, kuma ina jin ba zan taɓa sani ba. Ki yafe min.

Sai Inna Tomasa ta dogara sandarta ta tashi. Ta ce, “Kai Eusebio, rufe littafin nan, kai da ko keke ba ka iya ba. Duk wanda ke zaune a nan ya ji ƙarar birkin nan, ni ma na ji, muka hau abinmu don kasuwa ba ta jira.” Sai Bartolo ya ce a kafa, amma ba a gefen 'ya'yansa ba. Inna Tomasa ta ce ba komai, a kawo shi gefen Lázaro. Wai tsohon nan shekara biyar ba ya yarda ya hau baya, sai gaba kusa da yaron yana cika masa kunne da labarin ƙwallo, don haka a bar su su ƙarasa hirarsu. Mutane suka yi dariya, wasu kuma suna share ido. Ni kuwa na rufe littafin na zauna.

To ga amsar tambayarki: jibi Juma'a za a kafa guda huɗu. Na Nery ne na ƙarshe daga dama, yana kallon hanyar gida. Na sa an rubuta sunansa da shekarunsa, ƙasan kuwa na ce a bar shi fari, domin wurin na uwa ne, ba na kawu ba.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Ofelia da Inna Tomasa da Baba Macario duk suna gaisuwa. Ki gaida Anselmo, ki rungume min Yesenia, ki ce mata hular yayanta tana wurina na adana mata.

Ƙaninki,
Eusebio

Aikin gobe:
- Shafa wa tudun uku fenti ruwan ɗorawa, kafin wani mai babur ya kife a kai.
- Haƙa rami huɗu. A aro diga wurin Bartolo, in ya yarda.
- Furanni da kyandir. Inna Tomasa ta ce farare.
- Masarar tudu, ko da layi biyu ne.
- Kiran Yaya. In faɗa mata da bakina kafin takarda ta isa. Kada in ce layi ba kyau.