Na Samo Takarda, Na Rasa Geron Kaka

Zuwa ga Mai Girma Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ce Malama Rabi, mai koyar da ajin ƙananan yara a firamaren ƙauyenmu. Na yi ta sintiri ofishinka har masinja ya haddace sunana, ban samu ganinka ba. Shi ya sa na rubuto a fili ta jarida.

Na ɗaya. Shekara tara ina riƙe da ajin nan ba albashi, ina share majina ina koyar da baƙaƙe. Ban taɓa kuka ba, don iyayen yara suna da tsarinsu: in kaka ta yi, kowane gida zai aiko mini da kwanon gero ko dawa, mai hali ya haɗo da gyaɗa. Da shi nake ciyar da marayuna har wata kakar.

Na biyu. Jami'inku ya zo duba makaranta, ya ce muddin na kawo takardar NCE za a sa ni a albashi. Na gaskata shi. Na jinginar da gonar da na gada wurin mahaifina, na shiga karatun hutu a Kano, ina zama benci ɗaya da sa'o'in 'yata. Na gama, na miƙa takarda ofishinku tun bara, aka ce in jira.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Ranar da na dawo da takardar, gari ya yi murna, mata har da guɗa. A wurin mutanenmu mai takarda ta zama ma'aikaciyar gwamnati, kuma aika wa mai albashi kwanon gero raini ne. Kakar bana ko zangarniya ba ta shigo gidana ba. Wallahi ba rowa suka yi ba, girmama ni suka yi. Ni kuma kunya ta hana ni bin gida-gida in ce musu ko sisi ban taɓa karɓa ba.

Ranka ya daɗe, na yi da-na-sani. Da ban je ba, da gonata tana hannuna, rumbuna da hatsi.

Roƙona shi ne a cika mini alkawari. In ba zai yiwu ba, a aiko wani ya faɗa wa mai gari gaskiya, don mutanenmu ba sa karanta jarida, ni kuma bakina ba zai iya ba. Sannan don Allah kada a sake tura wata malama neman takarda sai an tabbatar akwai gurbinta.

In ruwa ya sauka ban ji komai ba, dole in rufe ajin, ba don ina so ba. Wanda gonar ke hannunsa ya yarda ya ɗauke ni ƙodago. Zan yi noma a gonar mahaifina, a sallame ni da yamma kamar kowa.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya, ya raba ka da haƙƙin masu rauni.

Wassalam.

Malama Rabi