Ƙofar Shanun Baffa Barau

Baba,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna Bilki? Ni lafiya lau, sai sanyi da ya farfasa min hannu, amma kar a gaya mata.

Ina cikin masu gyaran wata tsohuwar katanga da Rumawa suka gina a arewacin Ingila. Sassaƙaƙƙen dutse ne ciki da waje, tsakiya ɓaraguzai, ga rami a gabanta. Duk da haka, kowane mil suna barin ƙofa.

Na ji za ku katange gonarmu ta Dutse har ku toshe hanyar shanun Baffa Barau. Baba, Allah ya ƙara girma, mutanen nan don abokan gaba suka yi gini, amma suka bar ƙofa. Shi kuwa ƙaninku ne.

Ɗanku,
Mu'az