Takardun Humrar Khala Zuhura

Asabar, 5 ga Fabrairu, 2022

Na samu aikina na farko na gaske! Khala Zuhura, maƙwabciyarmu mai haɗa humra da turaren wuta, ta ga katin gayyatar da na zana wa ƙawata Wafa'a a waya na bikin yayarta, ta biyo ni har gida. Takarda take so wadda za ta manna a jikin kwalabenta, mai suna da fure da lambar waya. Wai a kasuwar Suk Libya duk humra iri ɗaya ce a ido, mai saye ba ya gane tata sai ya buɗe ya shinshina. Na ce to. Ni kaina da ƙyar na ji muryata. Tana fita na shige ɗaki na yi tsalle sau uku, har Habboba, kakata, ta ɗago daga hular da take ɗinkawa ta ce ko kunama ce.

Litinin, 7 ga Fabrairu

Kore mai duhu, rubutun ruwan zinariya, fure ɗaya ƙarami a sama. Tsagar gilashin wayar ta yanke min yatsa, an ɗauke wuta sau biyu, ban yi aikin gida na lissafi ba. Amma ya yi kyau. Nan ne kawai zan iya faɗi: ya yi kyau ƙwarai.

Laraba, 9 ga Fabrairu

Da ta gani sai da ta rangaɗa guɗa a tsakar gidanmu. Sannan ta ce, "Bi kam, ya bitti? Nawa zan ba ki, 'yata?"

Tun jiya na yanke kuɗin, jine dubu uku. Na maimaita a banɗaki ya fi sau ashirin. Amma Umma ta koya mana tun muna yara: idan babba zai ba ki abu, ki ƙi sau biyu, a na uku ki karɓa da hannu biyu. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Haba Khala, ki bar shi kawai."

Na tsaya ina jiran tambaya ta biyu.

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka! Wannan ita ce tarbiyya." Ta gyara mayafinta na tob a kafaɗa, ta fita. Har ta kai ƙofa ina jiran ta juyo.

Juma'a, 11 ga Fabrairu

A ƙara girman furen.

Lahadi, 13 ga Fabrairu

A rage furen, ya rufe sunanta. A sa zinariyar ta riƙa ƙyalli. Saƙon murya mai minti huɗu, rabinsa labarin ciwon ƙafar surukarta ne. Na yi duka, kuma gaskiya na uku ya fi na farko kyau, abin haushi.

Alhamis, 17 ga Fabrairu

Umma ta zaunar da ni bayan la'asar. Ba faɗa ta yi ba, da faɗa ne da ya fi sauƙi. Ta ce wata biyu ke nan tana sa min kuɗin intanet daga cinikin gyaɗarta, jine dubu biyar, saboda na ce mata sana'a nake koya. Ta ce, "Husna, sana'ar da ba ta ciyar da kanta wasa ce. Idan aka ga watan azumi ba ki mayar min da kuɗina ba, wayar nan akwati za ta shiga, sai kin gama jarrabawar shahada ta ƙarshen sakandare."

Shahada sai baɗi. Shekara da 'yan watanni babu zane.

Na so in ce mata ai koyarwarta ce ta ja min.

Talata, 22 ga Fabrairu

Wafa'a ta ja ni Suk Libya bayan makaranta, wai takalmi za ta duba. Ashe dabara ce. Ta kai ni gaban wani shago, sai ga su jere a kan kanta, kwalba goma sha biyu, kowace da koriyar takardata a jikinta! Wata mata ta ɗauki ɗaya tana juyawa, ta ce wa mai shago, "Wannan daga waje aka kawo?" Wafa'a ta mintsine ni har na kusa ihu. Muka dawo a raksha mai ƙafa uku muna dariya kamar mahaukata.

Abu ɗaya ne ya dame ni. Rubutun ya yi dishi-dishi, don hoton da na tura mata a waya shi ta kai wa mai bugawa. Ainihin aikin mai kaifi yana wurina. Ba wanda ya lura sai ni.

Asabar, 26 ga Fabrairu

Labari ya zaga unguwarmu Umbadda, wai akwai yarinya mai zane fi sabilillahi. Khala ce ke yi min talla. Yau mutum uku. Har da Ammu Salahuddin mai tsiren agashe na bakin titi, yana son babban allo mai hoton tsire. Ya ce, "An ce ba kya karɓar ko sisi, masha Allah, irinku sun yi ƙaranci." Na yi murmushi kamar wata waliyyiya.

Laraba, 2 ga Maris

Habboba ta gan ni ina kuka a kan zanen tsire. Ta sa na faɗa mata komai. Ta yi dariya har tana tari.

Ta ce, "Uwarki ta koya miki ladabin karɓar kyauta, ba ta koya miki na karɓar lada ba. Miƙo min kwandon can."

A cikin kwandon akwai huluna huɗu da ta gama wa mutane. Kowace an bar layi ɗaya na ƙarshe a baki ba a cike ba, allura tana soke a wurin da zarenta. Tun ina yarinya nake ganinsu haka, na ɗauka mantuwar tsufa ce.

Ta ce, "Shekara arba'in ina ɗinki, ban taɓa bin wani gidansa ba, ban taɓa ɗaga wa wani murya ba. Mai hula ya zo, in miƙa masa, ya juya, ya yaba. Ya ga allura. Ba ya iya sa ta a kai. Sai ya sa hannu a aljihu da kansa, ni kuma in ce zauna ka sha shayi, kafin ka shanye na cike."

Na ce to idan ya ji haushi fa? Ta ce, "Da ni ko da allurar?"

Juma'a, 4 ga Maris

Na tura wa Ammu Salahuddin allonsa. Komai ya cika, tsire har kamar zai ɗiga mai, amma gurbin lambar waya fari fat. A haka na danna turawa.

Lahadi, 6 ga Maris

Ya zo da kansa! Ya tsaya a ƙofa yana dariya, ya ce, "Jikar Hajja Hajaratu ce ke, na gane ɗinkin. Ni ma hulata ta kwana uku a kwandon nan." Ya ba ni jine dubu biyu da ƙunshin agashe mai zafi. Na cike lambar yana tsaye. Muka ci naman mu uku da yatsu, Umma tana cewa yaji ya yi yawa tana ƙara ɗauka.

Kuɗina na farko. Na shinshina su, ƙamshin hayaƙi da ƙuli suke. Saura dubu uku.

Asabar, 12 ga Maris

Sauran mutum biyun da suka ji akwai biya sun ɓace. Ɗaya ta ce ɗan ƙanwarta ma ya iya. Allah ya ba shi sa'a.

Laraba, 16 ga Maris

Khala ta dawo. Sababbin takardu kala uku take so na Sallah, kuma mai bugawa ya ce mata ta karɓo ainihin aikin, ba hoto ba. Wannan karon ba ta ma tambayi nawa ba. Ni ma ban ambaci kuɗi ba. Na tsani bakina.

Talata, 22 ga Maris

Na gama ukun: kore, ja, da ruwan ƙasa na turaren wuta. Na tura babu lamba. Na kashe wayar na tura ta ƙarƙashin filo kamar za ta cije ni.

Juma'a, 25 ga Maris

Yau matan layinmu suka taru a gidanmu toya abre, siraran fallayen ƙullun dawa da ake jiƙawa don shan ruwan azumi. Hayaƙi, kasko uku, jabanar kofi tana zagayawa, kowa yana magana lokaci ɗaya. Ni ina ninke wanda aka kwashe. Sai Khala ta ɗaga murya daga bakin kasko: "Husna, ya bitti, kin manta lambata a takardun nan."

Kowa ya ji. Na kalli Habboba, ita kuwa kofinta take kallo.

Na ce, "Ban manta ba, Khala. Tana nan. Dubu huɗu ne na wannan, dubu uku na wancan."

Umma ta zaro ido.

Khala ta dafe ƙirji. "La ilaha illallah! Ba ke kika ce in bar shi ba?"

Na ce, "Sau ɗaya kika tambaya."

Wallahi ban san daga ina ya fito ba. Matan suka kwashe da dariya, wata har ta ƙona abrenta. Khala ma ta yi, tana nuna ni da ludayi. Ta ce, "Ji 'yar nan! A kasuwa sau ɗaya ake tambaya, ya bitti, wa ke da lokacin uku?" Ta ce na farko kyauta ce na ba ta da bakina, ba a amai a lashe. Na jira Habboba ta tsaya min, sai ta ce, "Gaskiyar Zuhura. Abin da baki ya bayar ya tafi." Ya yi min ciwo, amma haka ne.

Na biyun muka yi ciniki, ni da Khala Zuhura, wadda 'yan Suk Libya ke tsoro! Muka tsaya a dubu uku da ɗari biyar. Ta ce gobe.

Asabar, 26 ga Maris

Gobe.

Litinin, 28 ga Maris

Saƙon murya: in tura lambar tukuna, mai bugawa zai rufe karɓar aikin Sallah, kuɗi suna hanya, ashe ban yarda da ita ba, ita da ta goya ni ranar sunan ƙanwata? Na cike lambar. Na sa yatsa a kan turawa. Na daɗe a haka. Sannan na rubuta, "Na yarda da ke, Khala. Tana nan tana jiranki." Na je na wanke kwanukan da an riga an wanke.

Saura kwana huɗu ko biyar a ga wata. Umma ta fito da makullin akwati ta rataye a ƙusa.

Laraba, 30 ga Maris

Ta zo da hantsi, yau ba mu da darasin farko. Ta kwance bakin tob ɗinta ta ƙirga min a hannu, tana mita, wai yaran yanzu ba su da tausayi. Na haɗa mata shayi. Kafin ta shanye na tura duka, masu kaifi. Ta buɗe, ta duba, sai ta ce, "Wallahi ke muguwa ce, amma hannunki zinariya ne." Ta bar min 'yar kwalbar humra a kan tabarma, wai kada in ce ita ba ta iya kyauta ba.

Na ba Umma dubu biyar da hannu biyu. Ta ƙirga sau biyu, ta cire makullin daga ƙusa ta jefa cikin gwangwanin maɓallai. Ta juya baya tana gyaran gyaɗa, amma na ga kumatunta.

Ɗari biyar ɗin da ta rage na sayo wa Habboba zare shuɗi.

Alhamis, 31 ga Maris

A makaranta shugabar ajinmu ta ce suna son in zana musu takardar gaisuwar azumi ta ajin. Ba ta gama rufe baki ba na ji wata ta ce, "Dubu ɗaya da ɗari biyar, rabi yanzu." Wafa'a ta juyo tana kallona baki buɗe. Ashe ni ce.

Ba wai na canza ba ne. Kunya na ji sosai, har kunnuwana suka yi zafi. Kawai dai sai bayan na faɗa ta zo.